Rabin Fuska da Usur ɗin Idwal

Litinin, 6 ga Oktoba, da safe

Shayi ya zubo mini a haɓa. Na goge, na sake kurɓa, ya sake zubowa ta gefen dama, sai na zagi kofin. Da na fita bakin ƙofa na sa yatsu biyu a baki zan yi wa karena Pero fito ya kore mini raguna daga lambu, iska kawai ta fita, fuuu, kamar tayar keke ta sace. Ni Nesta, wadda duk arewacin Wales aka sani in na yi fito a kan dutsenmu har karnukan ƙetaren kwari sai sun ɗaga kunne! Pero ya karkatar da kai yana kallona. Nel kuwa, karyar marigayi mijina Idwal, ko motsi ba ta yi ba. Tana kwance inda take kwanciya tun bara, hanci a ƙofar shinge.

Na koma na duba madubi. Rabin fuskata na dama ya sauko kamar an cire masa ƙusa. Na yi murmushi, hagu ya tafi shi kaɗai. Na ɗaga gira, ɗaya ta tashi, ɗaya ta yi zamanta. Abin mamaki, goshina na dama ya yi sumul, babu tamoji ko ɗaya, sai ka ce na 'yar shekara ashirin.

Na san wannan fuska, na sha ganin ta a jikin tumaki. Kunne ɗaya ya faɗi, leɓe ya saki, miyau na dalala, daga nan tunkiya ta kama zagaye a wuri ɗaya har ta faɗi. Ruɓaɓɓiyar ciyawar da muke naɗewa a baƙar leda ke kawo shi. Kuma makon jiya na kwashe wani tsohon ƙunshi da hannuna, na ci burodi ban wanke ba.

Litinin, da yamma

Na yi tafiya daga rumfar tarakta zuwa ƙofa a kan layin siminti, in ga ko na fara zagaye. Ban fara ba.

Na ɗora gishiri a bakin harshena ta hagu: gishiri. Ta dama: yashi. Na gwada sukari, na gwada tsami, duk ɗaya. Amma da na mintsini kuncin, na ji zafi sarai. To wane irin mataccen nama ne ke jin mintsini?

Talata, 7 ga Oktoba, da yamma

Tegid maƙwabcina ya zo aron igiya da hantsi. Ya dube ni sau ɗaya ya ajiye hularsa a kan katanga.

"Ke, wa ya mare ki haka?"

"Cutar tumaki ce. In na fara zagaye ka kira likitan dabbobi."

"Likitan dabbobi? Allah ya shirye ki, Nesta. Shiga mota."

"Ina da aiki."

"Aikin zai jira. Shiga, ko in ɗaure ki da igiyar nan in jefa a baya kamar rago."

Likitar da muka samu Siwan ce, 'yar gidan mai gasa burodi, wadda na koya wa waƙoƙi a coci tana da majina a hanci. Yanzu ita ke ba ni umarni. Ɗaga hannuwa, Anti Nesta. Matse yatsuna. Fito da harshe. Ɗaga gira. Da girar ta ƙi tashi sai na ga ta saki numfashi.

"Me ya faranta miki rai?" na tambaye ta.

"Goshin ne, Anti. Mai shanyewar ɓarin jiki yawanci goshinsa na motsi, daga ido zuwa ƙasa ne ke faɗuwa. Naki duka rabin ya tafi, hannu da ƙafa kuma lafiya lau. Ba ƙwaƙwalwa ba ce, jijiya ɗaya ce ta kumbura."

Na gaya mata batun ciyawa. Ba ta yi dariya ba, na yaba mata da wannan. Ta ce jijiyar da ke lalacewa a fuskar tunkiya ita ce dai tawa, amma cutar daban, tawa ba ta sa zagaye. Ta ɗauki hannuna ta ɗora tafin a gaban kunnena, yatsu biyar a baje kan fuska. Ta ce haka jijiyar take. Ba ta jini ba ce, saƙo take kaiwa. Tana fitowa daga gindin ƙwaƙwalwa, ta ratsa wani siririn rami a ƙashin kunne, ta ɓullo ƙarƙashin kunnen, ta rabu biyar: goshi, ido, kunci, leɓe, wuya. A cikin ramin nan ta kumbura, ƙashi kuma ba ya matsawa don kowa.

Ta ba ni ƙwayoyin rage kumburi, ta ce gara da na zo da wuri. Ta ba ni maganin ɗigawa, da filastar da zan manne idon in zan kwanta, don ba ya rufuwa.

"Yaushe zan yi fito?"

"Yawancin mutane na warkewa, Anti. Wasu makonni, wasu watanni."

"Koran tumaki daga dutse ranar ɗaya ga Nuwamba ne."

Ta dubi Tegid. Tegid ya dubi takalminsa.

Alhamis, 9 ga Oktoba, da safe

Fuuu.

Jumma'a, 10 ga Oktoba, da rana

Na gano wani abu. In na yi ƙoƙarin rufe idon dama, ƙwayar ce ke gudu sama ta ɓuya, fari kawai ya rage. Na kira Siwan, ta ce kowa haka idonsa ke yi, fatar ido ce ke rufa mana asiri. Shekara sittin da huɗu ina yin abu a fuskata ban sani ba.

Ban gaya wa ɗana Gethin ba tukuna. Na san abin da zai ce, don na yi masa alkawari bara a ɗakin girkin nan, bayan mutanen da suka zo jana'izar Idwal sun watse. Na ce ranar da na kasa riƙe layin gidanmu a koran dutse, a sayar da tumakin in koma ɗakin da ya gyara mini a bayan gidansa a gari. Lokacin na faɗa ne don ya bar ni in zauna.

Dokar kora ba ta canzawa. Kowane gida ya ba da mutum da kare, mu jeru a kan dutsen tun daga ƙarshensa, mu koro tumakin kowa ƙasa gaba ɗaya kafin a sake musu raguna. In layin gida ɗaya ya yi ɓaraka, tumaki su sulale ta nan su koma sama, aikin kwari duka ya lalace. Namu daga tulin duwatsu ne zuwa rafi. Da, ni ke sama da Pero, Idwal ke gefen rafi da Nel. Bana na shirya in tsaya a sama in tura Pero can ƙasa da fito, tunda fitona na kaiwa. Murya ba ta kaiwa, iska ke cinye ta. Ba sai na sauka rafin da ƙafata ba.

Tumakin nan babu katangar da ke tsare su a dutse. Kowace tunkiya ta san iyakar wurinmu don uwarta ta nuna mata, ita ma tata uwar ta nuna mata, tun kafin kakan Idwal. In aka sayar da su, ko an sayo wasu ba za su san wurin ba.

Lahadi, 12 ga Oktoba, da yamma

Na je coci. Da aka taɓa babban molon cocin nan mai bututun iska sai na ji kamar a cikin kunnena na dama ake kaɗa shi, har na toshe da yatsa. Siwan ta riga ta gaya mini akwai wani ɗan nama a cikin kunne, bai kai ƙwayar shinkafa ba, aikinsa rage ƙarar sauti, kuma jijiyar nan ce ke riƙe da shi. Jijiya ɗaya, ga murmushi, ga gishiri, ga hawaye, ga kunne. Wanda ya ɗora mata wannan kaya bai tausaya mata ba.

Idon kuma ruwa yake yi ba da izinina ba. Fatar ƙasa ta saki, ba ta riƙe komai, sai ya gangaro kan kunci. Bayan an tashi Menna mai shagon ulu ta kama hannuna biyu, ta karkatar da kai irin yadda duk suke yi mini tun bara.

"Yauwa, Nesta, ki bar shi ya fito. Shekara guda kina riƙe da shi. Mun yi ta yi miki addu'a."

"Ciwo ne, Menna. Ido ɗaya ne, duba."

"Na sani, 'yar'uwa, na sani. Da ɗaya ake farawa."

Na so in harare ta, amma da rabin fuska harara ba ta fita.

Talata, 14 ga Oktoba, da rana

Tegid ya yanka ɗan rago na ci a gida, na ce ya ba ni kan. Ya ce miya zan yi? Na ce karatu. Ya ce shi dai ya san wata rana sai an zo da mota an tafi da ni gidan mahaukata.

Na ɗora kan a teburin girki, na ɗauko ƙaramar wuƙa da tabarau. Na feɗe fatar kunci a hankali, kamar mai ɓare dafaffen ƙwai. Da farko ban ga komai ba sai kitse da jan nama. Can sai ga ta: farin zare, bai fi zaren ɗinkin buhu kauri ba, kwance a kan naman muƙamuƙi ya nufi leɓe. Ga wani a ƙasansa. Na bi su baya, suka shige cikin wani tattausan nama mai yin miyau, suka haɗu a gindin kunne, inda wani reshe ya hau sama wajen ido. Daga nan zaren ya nutse cikin ƙashi. Na sa bakin allura a ramin, da ƙyar ya shiga.

Na daɗe zaune ina kallon sa. Na feɗe tumaki ba adadi, ban taɓa lura da zaren nan ba, tare da fata nake yar da shi. Ashe duk fiton da na yi a duniya, da duk dariyar da na yi wa Idwal, ta irin wannan ramin suka bi.

Na ja zaren da ɗan hantsaki, leɓen ragon ya ɗan motsa. Na san jan ne kawai, amma sai da na ce masa sannu.

Na ba Pero naman. Na kai wa Nel nata har ƙofar shinge, ta ci ba ta dube ni ba.

Alhamis, 16 ga Oktoba, da yamma

Menna ta gaya wa matar Gethin, matar Gethin ta gaya wa Gethin. Ya zo da takalmin ofis, ya taka kashin kaji tun daga mota.

"Mama! Kwana nawa kina haka ba ki gaya mini ba?"

"Me za ka yi, ka ɗaga mini girar da hannu?"

"Ba abin wasa ba ne. Yi murmushi in gani."

"Ba ka ba ni dalili ba."

Ya zauna a kujerar babansa da ba a zama, ya lura, ya tashi ya koma wata. Na zuba masa shayi. Ni da tsinken roba nake shan nawa yanzu, ta gefen hagu, kamar yarinya a wurin biki.

"Ki yi wa Pero fito," in ji shi.

"Yana hutawa."

"Mama."

Na sa yatsu. Fuuu. Miyau ya biyo baya, na goge da hannun riga. Ya kawar da kai, kuma wannan ya fi mini ciwo fiye da duk abin da ya faɗa.

"Kin yi alkawari. Ba zan sake tsayawa a ƙasan dutsen nan ina jira a sauko mini da wani ba. Ba zan iya ba."

"Alkawarin na ce in na kasa. Ban kasa ba tukuna."

"Da me za ki riƙe layin? Da tafi?"

"Ka zo ranar ka gani."

Ya ce zai zo, kuma zai yi magana da mai motar dabbobi ya zauna da shiri. Da zai tafi ya sumbace ni a kuncin dama. Na ji shi sarai. Siwan ta ce ji da wata jijiyar yake tafiya, ita lafiyarta ƙalau. Yaron nan kamar ubansa yake tafiya, kafaɗa ɗaya a ƙasa.

Asabar, 18 ga Oktoba, da safe

Ko sunan Pero ba na iya kira daidai, farkonsa leɓe yake so. Nel kuwa da harshe ake faɗa.

Litinin, 20 ga Oktoba, da yamma

Tegid ya mayar da ni wajen Siwan. Ta sa na hura kumatu, iska ta tsere ta dama. Ta ce da sauran lokaci. Na tambaye ta, tunda fuskar ta shanye, me ya sa nake tauna ɓawon burodi ba wahala? Ta ce naman tauna ba na wannan jijiyar ba ne. Harshe fa? Shi ma tasa daban. Wato haƙora nawa ne, harshe nawa ne, numfashi nawa ne, leɓe kaɗai ya yi mini tawaye.

A hanya na faɗa wa Tegid haka.

"Usur na gwangwani da haƙori ake riƙe shi," in ji shi. "Harshe ke juya sautin."

"Usur na marasa baki ne."

"To ke yanzu mai baki ce?"

"Tegid, ka kalli hanya."

"Ina kallo. Shekara talatin kina yi wa Idwal bawan Allah dariya, wai makiyayi da murfin gwangwanin taba a baki. Shi kuwa bai taɓa rasa tunkiya a layinsa ba." Ya rage gudu don wata tarakta. "Ba sai kin saya ba ma. Akwai ɗaya a gidanki, kin san inda yake."

Ya ce in ba haka ba, in ba shi Pero ya haɗa da nasa, ya rufe mana layin a ɓoye. Na gode masa. Amma Gethin ba makaho ba ne, kuma ba abin da na yi alkawari ke nan ba.

Laraba, 22 ga Oktoba, da rana

Rigar ruwan Idwal tana nan a ƙusarta bayan ƙofa. Na share ƙarƙashinta. Na goge ƙusar kusa da ita.

Laraba, da yamma

Gishiri a dama: har yanzu yashi.

Alhamis, 23 ga Oktoba, da hantsi

Aljihun hagu. Akwai igiyar leda, da alewar minti biyu da suka manne da takarda, da shi, usur ɗin. Ɗan gwangwani ne da aka naɗe biyu aka huda, gefen ya lotsa inda haƙoransa ke kamawa. Nawa haƙoran ba su dace da wurin ba. Ban wanke shi ba.

Na fita bayan rumfa inda ba mai gani. Na cije shi, na tura harshe a bayansa, na hura: iska ta tsere ta dama. Na sa babban yatsa da manuni na matse gefen leɓen da ya saki, na sake hurawa. Ya yi ƙara! Mummuna, kamar ƙofar da ba a sa wa mai ba, amma ƙara ce.

Na gwada kiran Pero. Nawa kiran dogaye ne masu hawa sama, tun yana ɗan kwikwiyo da su ya tashi, kuma da gangan muka bambanta nawa da na Idwal don kada karnuka su rikice in muna aiki tare. Da leɓe ɗaya sautin ba ya hawa, a tsakiya yake karyewa. Pero ya zo, ya zauna, ya tashi, ya kama zagaye yana haushi. Ga wanda ya kamu da cutar tumakin.

Na gaji na jingina da bango. Ban shirya ba, bakina ne ya yi: gajeru biyu a ƙasa, ɗaya a sama kaɗan. Idwal ba shi da dogon numfashi, shekarun baya-bayan nan ma ya ƙara raguwa, don haka duk kiransa gajeru ne. Wannan shi ne "zo nan" nasa. Na ji shi daga ƙetaren rafi sau dubu, kamar yadda na san tarinsa.

Na ji ƙafafu a kan tsakuwa. Nel ta zagayo rumfar a guje, kunnuwa a miƙe, ta wuce ni kamar ni turke ce. Ta shiga rumfa ta fito. Ta leƙa bayan tarakta. Ta je ƙofar gida ta daka tsalle tana kuka irin na murna, ta dawo ta sake duba rumfar. Na tsaya da gwangwani a baki ina kallon ta tana neman sa.

Ban sake hurawa ba yau.

Asabar, 25 ga Oktoba, da yamma

Na sake. Ta sake nema, amma ba ta daɗe ba. A karo na uku ta tsaya a gabana, ta dubi hannuna, ta dubi bakina, ta shinshina gwangwanin. Ban san abin da ta yanke a ranta ba. Na yi "kwanta" nasa, ta kwanta.

Talata, 28 ga Oktoba, da rana

Kullum muna fita filin bayan gida da tumakin da ke ƙasa. Ina tuna kiransa ɗaya bayan ɗaya. Dama, hagu, tsaya, matso a hankali. Na manta "koma baya ki duba", na yi ta lalube, sai da na hura wani abu Nel ta juya ta kalli tudu, na ce yauwa, shi ne. Ita ke koya mini. Ta yi ƙiba, tana haki, ni ma haka.

Ga matsalar. Na sa Tegid ya tsaya a ƙarshen filinsa ya saurara. Ya dawo yana sosa ƙeya.

"Daga katanga ta biyu ban ji komai ba."

"Kai kurma ne."

"Ni kurma ne, amma dutse ya fi ni. Daga tulin duwatsu ba zai kai rafi ba, Nesta. Sai dai in ɗan matso in kama miki sama, wannan kowa na yi wa maƙwabci, ba ɓoyo a ciki. Ke ki bi ƙasa da karyar. Ita can ta sani."

"Ta gefen rafi."

"Ta gefen rafi."

Ya gyara hularsa, ya ce ana sa ran ruwa ranar Alhamis amma Asabar garau. Na ce madalla.

Alhamis, 30 ga Oktoba, da safe

Ruwa. Ban fita ba sai don ciyarwa. Rabona da hanyar rafi tun ranar da Idwal ya rasu a can.

Jumma'a, 31 ga Oktoba, da safe

A madubi, gefen bakina na dama ya yi wani ɗan motsi, kamar fatar doki in ƙuda ya sauka. Na sake gwadawa har sau biyar, ya yi sau biyu. Wani abu ya fara ratsa ramin nan. Bai isa fito ba, ko kusa.

Gethin ya kira, ya ce mai motar dabbobi na nan a shirye. Na ce ya gaishe shi.

Asabar, 1 ga Nuwamba, da almuru

Bari in rubuta kafin in zauna sosai in kasa tashi.

Mun hau da sassafe. Na ɗaure Pero a gida, yana ta yi mini kukan cin amana. Na sa rigar ruwan, hannuwan sun yi mini tsawo na naɗe. Mutanen kwari sun gan ta, Dilwyn na gidan ƙarshe ya cire hula ya mayar.

Da aka ba da alama layi ya motsa. Ko'ina fito, kowa da nasa, kunnena na dama na ɗaukar su duka da ƙarfi. Na matse leɓe na yi "hagu". Nel ta tafi kamar an harba ta. Ba ta bi inda na nufa ba, ta bi inda ya kamata, don ta fi ni sanin ƙasan nan. Tumaki suka fara fitowa daga cikin ciyawa, da jan fentinmu a kafaɗa.

Hanyar tana sauka ta bi ta wani faffaɗan dutse a bakin ruwa. Na san zan gan shi, na shirya in kalli gabana in wuce. Ban shirya wa Nel ba. Tana kaiwa nan ta bar tumakin, ta hau dutsen ta kwanta, ta ɗora haɓa a kan ƙafafunta. Tegid ya taɓa gaya mini haka suka same ta kusa da gawar Idwal, ban tambaye shi sauran ba.

Ina tsaye, sai na ga wata tsohuwar tunkiya ta lura babu kare. Ta juya, wasu suka bi ta, suka nufi ɓarakar da ke tsakanina da ruwa. In suka haye, sun koma sama. Can ƙasa a bakin shinge ina hango jar rigar Gethin.

Na hura, iska ta tsere, yatsuna sun jiƙe sun zame. Na goge su a rigar, na kama leɓen da ƙarfi har na ji farce. Na taka na je dab da dutsen, inda ban taɓa tsayawa ba, na yi "koma baya ki duba".

Ta ɗaga kai. Wannan karon ba ta nemi kowa a bayana ba, ni ta kalla. Na sake yi. Ta sauko, ta faɗa ruwa ta haye, ta zagaye su ta sama, ta tsaya a gaban tsohuwar tunkiyar ido cikin ido har ta juya. Muka sauko da su tare, ina "a hankali, a hankali" da bakin mutumin da ya fi ni haƙuri.

A shinge aka ware na kowa. Namu ba wanda ya rage a sama. Gethin ya zo ya tsaya kusa da ni, ya dubi rigar, ya dubi abin da ke rataye a wuyana. Ya ce tun daga ƙasa ya ji kiran babansa, har ya juya. Bai ƙarasa ba. Ya ciro waya ya matsa gefe, na ji yana ce wa mai mota ba sai ya zo ba, bana dai.

Tegid ya miƙo mini shayi a murfin gora, ya tuna har da tsinken roba.

"Makiyayiya da murfin gwangwani a baki," in ji shi. "Wa zai gaya wa Idwal."

"Rufe mini baki."

"Naki ai a rufe yake rabi. Goge fuskarki, idonki na zuba."

"Ciwo ne, ka sani. Fatar ce ba ta riƙewa."

Ya busa shayinsa, yana kallon tumaki.

"Na hagu nake nufi, Nesta."